Ido ya dushe ya dawo, yanzu ƙafafu sun sage: shin cutar MS ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mace ce 'yar shekara 28, ina da aure da ɗa ɗaya. Bara, wata biyu bayan na haihu, idona na hagu ya soma ciwo idan na juya shi, cikin kwana uku gani ya dushe kamar ana hazo. Aka ba ni maganin ɗigawa, bayan kamar wata guda ya dawo. Yanzu sati uku ke nan ƙafafuna sun sage tun daga tafi har cibiya, kuma idan na sunkuyar da kai a ruku'u sai in ji wani abu kamar wutar lantarki ya bi ta bayana. In na daɗe a bakin murhu idon nan ya sake dushewa, in na huce ya washe. An ba ni maganin maleriya da na taifod, ba canji. A gida wasu na cewa iska ce, wasu na cewa jifa ne. Na karanta labarin wata cuta MS a waya, hankalina ya tashi. Ita ce? Zan nakasa? Zan iya ƙara haihuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Ba za a iya yanke miki hukuncin cuta daga wasiƙa ba, amma ba za mu ɓoye miki ba: abin da kika zayyana labari ne na ciwon da ya taɓa jijiyar ido da laka, kuma MS tana cikin abubuwa biyu ko uku na farko da duk likitan jijiyoyi zai kawo a ransa idan ya ji shi. Ba maleriya ba ce, ba taifod ba ce. Kina buƙatar ganin likitan jijiyoyi cikin kwanakin nan, ba sai bayan an gama gwada magungunan gida ba.

Kowane zaren jijiya a cikin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido yana lulluɓe da wani farin kitse da ake kira mayelin, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. A cutar maltiful siklerosis, wadda ake taƙaitawa MS, garkuwar jiki ce take kuskure ta riƙa cin wannan lulluɓin a wurare daban-daban. Inda ta ci, saƙo ya riƙa tafiya a hankali ko ya tsaya cak. Bayan makonni kumburin ya lafa, jiki ya ɗan gyara, sai mutum ya ga ya warke, amma tabo ya zauna. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fara bayyana cutar dalla-dalla a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta Ƙungiyar MS ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da ita. Ta fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza sau biyu zuwa uku. Shekarunki da jinsinki sun faɗa cikin wannan rukuni.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, babu wata alama guda da in an gan ta za a ce MS ce. Sagewa, jiri, kasala, duk mutane na yin su kullum saboda dalilai ɗari. Abin da ake dubawa shi ne tsarin zuwansu: alama ta taso cikin sa'o'i ko kwanaki, ta zauna aƙalla awa 24 ba tare da zazzaɓi ba, ta lafa cikin makonni, sannan bayan wata ɗaya ko fiye wata alamar ta ɓullo a wani sashe na jiki daban. Wuri daban, lokaci daban. Kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar haka take fara musu, ta taso ta kwanta. Sauran, musamman waɗanda ta same su bayan shekara 40, tafiyarsu ce take lalacewa sannu a hankali ba tare da wani tashi na farat ɗaya ba. Ƙafar da ta sage don kin daɗe a zaune a tabarma, ta sake bayan minti biyar, ba ta cikin wannan lissafi.

Mu ɗauki idonki. Ciwo a bayan ido ɗaya wanda ke ƙaruwa in an juya shi, gani ya dushe cikin 'yan kwanaki, farin idon bai yi ja ba, babu kwantsa, sannan ya soma dawowa cikin sati biyu zuwa huɗu: wannan shi ne kamannin kumburin jijiyar ido. Maganin ɗigawa ba ya isa wurin, domin jijiyar a bayan ƙwayar ido take. Da kansa ya dawo, ba maganin ne ya dawo da shi ba. Akwai gwajin da za ki iya yi yanzu: ki ɗauki jan tumatir, ki rufe idon hagu ki dube shi, sannan ki rufe na dama ki sake dubawa. Idon da jijiyarsa ta taɓa kumbura yakan ga jan ya koɗe, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa ko ya yi fari-fari, ko da mutum yana karanta rubutu lafiya lau. Likitan ido zai haska tocila daga wannan ido zuwa wancan ya ga yadda baƙin idon ke tsukewa, ya leƙa bakin jijiyar ya ga ko ta yi fari. Ki nemi ya rubuta miki abin da ya gani, shaida ce mai amfani ga likitan jijiyoyi.

Wutar da kike ji a ruku'u tana da suna a wurin likitoci, alamar Lhermitte. Sunkuyar da kai yana ɗan miƙe lakar wuya, to in akwai wurin da lulluɓinsa ya ɓaci, sai ya saki saƙon ƙarya ya bi baya, wani lokaci har hannuwa da ƙafafu, na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Tana nuna akwai matsala a lakar wuya, amma ba ta faɗin mene ne ya jawo ta. Ƙarancin bitamin B12 ko ƙashin wuya da ya danne laka suna kawo irinta. Sagewar da ta hau daga tafin ƙafa ta tsaya a cibiya ita ma laka take nunawa, domin idan jijiyoyin ƙafa ne kawai suka lalace, kamar na ciwon suga, sagewar takan tsaya ne iya inda safa ke kaiwa, kuma shekaru take ɗauka, ba sati uku ba.

Zancen murhu kuwa shi ne ya fi jan hankalinmu. Jijiyar da ta taɓa rasa lulluɓinta ba ta jure zafi. Zafin jiki ya ƙaru da rabin digiri kawai ya isa ya tsayar da saƙo a cikinta, in jiki ya huce ya ci gaba. Likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ne ya lura da haka a 1890. Ki kwantar da hankalinki a kan wannan: dushewar bakin murhu ba sabon ciwo ba ne, tsohon tabo ne yake magana, kuma ba ya ƙara ɓarna. Haka ma zazzaɓin maleriya ko ciwon sanyin mafitsara suna iya tayar da tsofaffin alamu su yi kamar cutar ta dawo. Shi ya sa duk ranar da jiki ya rikice, awon fitsari da na maleriya ake fara yi.

Akwai wasu alamun da ba ki ambata ba, ki bincika ko kin taɓa yin su, domin mutane kan manta ko su ji kunyar faɗa: ganin abu biyu-biyu musamman in an kalli gefe, hajijiya mai kwanaki tare da tangaɗi, ƙafa ɗaya ta riƙa jan ƙasa bayan an yi tafiya mai ɗan nisa, har takalmi ya riƙa zamewa ba a ji ba, jin kamar an ɗaure ƙirji ko ciki da ɗamara, zafi mai tsanani kamar sukar wuƙa a ɓarin fuska na 'yan daƙiƙu, hannu ya kasa sa maɓalli ko zare allura, matsuwar fitsari da ba ta jira, ko a yi fitsarin a ji bai ƙare ba, taurin bayan gida, raguwar jin daɗi wajen kwanciyar aure. Sai kuma gajiya irin wadda barci ba ya maganinta, wadda ta fi tsananta da rana tsaka. Wannan gajiyar ita ce ta fi jawo wa mata baƙin jini a gidan aure, a ce ƙyuya ce, alhali ciwo ne na gaske.

To yanzu ga abin da muke so ki fi ba muhimmanci. MS ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi irin Kanada da arewacin Turai, ta yi ƙaranci a yankinmu. Wannan bai sa a ce baƙar fata ba ya yin ta ba. Bincike a Amurka ya nuna baƙaƙen fata na can suna kamuwa da ita kusan daidai da farare, kuma a nan ƙarancin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI da likitocin jijiyoyi yana ɓoye wasu masu ita. Amma akwai wata cuta mai kama da ita ƙwarai, NMO, wadda ita ma jijiyar ido da laka take kamawa, kuma ta fi samun mutanen Afirka da Asiya fiye da Turawa, mata kuma su ne mafi yawan masu ita nesa ba kusa ba. Takan fi MS zafi: gani ya tafi sosai ko ido biyu su kamu tare, ƙafafu su mutu gaba ɗaya, wani lokaci ta fara da shaƙuwa ko amai na kwanaki da aka rasa dalilinsu. Tun 2004 aka gano gwajin jinin da ke tabbatar da ita, ana kiransa akwaforin-4. Akwai kuma gwajin MOG na wata 'yar'uwarta ta uku. Dalilin da ya sa muke nanatawa shi ne, wasu magungunan MS, irin intaferon da natalizumab da fingolimod, suna tsananta NMO. Duk wanda ciwonsa ido ne da laka, kamar naki, kada a ɗora shi a kan maganin MS sai an yi wannan gwajin. An fi so a ɗebi jinin kafin a fara magani mai ƙarfi, kuma sau da yawa sai an aika shi babban ɗakin gwaji, sakamako ya ɗauki makonni.

Bayan su, likita zai nemi kawar da cututtukan da suka fi yawa a wurinmu kuma suke taɓa laka: tarin fuka na ƙashin baya, HIV, tunjere, ƙarancin B12, ƙari mai danne laka, da tsargiya, wadda ƙwanta kan maƙale a laka ga wanda ya saba shiga kududdufi ko ruwan fadama. Idan ya ce a yi gwajin HIV ko tunjere, kada ki ɗauka zargi ne, kowa ake yi wa. Da yawa daga cikin waɗannan suna warkewa in an kama su da wuri.

Wanda za ki nema shi ne likitan jijiyoyi da laka, niyurolojis. Ki faɗi haka a fili, domin in kika ce likitan ƙwaƙwalwa kawai, ana iya tura ki sashen masu taɓin hankali. Ana samun su a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri da na Jos, da Asibitin Ƙasa na Abuja. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma manyan asibitocin Yamai. Ki karɓi takardar turawa daga asibitin da kike zuwa. Kafin ranar, ki rubuta a takarda ɗaya: kowace alama, watan da ta fara, kwana nawa ta yi, wane ɓari, ta tafi duka ko ta bar saura, da duk maganin da kika sha har na gargajiya. Wannan takardar rabin aikin likita ce, domin da tarihi ake gane cutar nan kafin na'ura.

Babban gwaji shi ne hoton MRI. A nan ne kuɗin mutane ya fi salwanta, don haka ki lura. Saboda ƙafa ce ke ciwo, sau da yawa sai a rubuta hoton ƙugu. Ita kuwa laka a saman ƙugu take ƙarewa, daidai ƙashin ƙugu na ɗaya zuwa na biyu, sai hoton ya fito lafiya lau a ce babu komai. Abin da kike buƙata hoton ƙwaƙwalwa ne da lakar wuya da ta bayan ƙirji, tare da allurar gadoliniyam da ke haska wurin da ke kumbure a yanzu. Ki tambayi ƙarfin na'urar kafin ki biya. Ana so ta kai Tesla 1.5, ƙananan na'urori suna tsallake ƙananan tabo. Hoton kai na CT ba ya maye gurbinsa. Za ki kwanta minti 30 zuwa 60 cikin ƙara, ba ciwo, ki cire 'yan kunne da duk wani ƙarfe, ki wanke kwalli. A duba ƙodarki kafin allurar, kuma in akwai yiwuwar ciki ki faɗa, ba a yi wa mai ciki ita. Mai shayarwa kuwa tana iya ci gaba da ba da nono. Ki karɓi hoton a faifai, ba rahoton takarda kaɗai ba, domin da shi za a gwada na gaba. A MS tabon laka gajere ne, a NMO yakan miƙe ya kai tsawon ƙashin baya uku ko fiye.

Ana iya neman ɗibar ruwan laka. Mun san tsoron da ake yi cewa allurar baya tana gurgunta mutum. Ana soka ta ne a ƙasan inda laka ta ƙare, a ɗebi abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, jiki kuwa yana yin kusan rabin lita na ruwan nan kowace rana. Illarta da aka fi gani ciwon kai ne da ke tashi in an miƙe tsaye, ya lafa in an kwanta, na 'yan kwanaki.

Kada ki jira ranar ganin likita, ki tafi sashen gaggawa nan take idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ki sani ba, idan ƙafafu suka kasa ɗaukarki, idan sagewar ta haura ƙirji ko numfashi ya yi nauyi, idan gani ya ragu ya ƙi dawowa bayan kin huce, ko shaƙuwa da amai suka ƙi tsayawa. Baki ya karkace, magana ta harɗe, ɓari ɗaya ya mutu cikin mintuna, wannan shanyewar ɓarin jiki ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya kuma sanƙarau ake fara tunani.

Idan cutar ta taso da ƙarfi, ana ba da metilfirednisolon, maganin kwantar da kumburi, yawanci giram 1 ta jijiya kowace rana na kwana 3 zuwa 5, bayan an tabbatar babu wata ƙwayar cuta a jiki kuma an auna suga da hawan jini. Yana gaggauta lafawa, amma ba ya hana dawowa. Muna roƙonki kada ki sayi firednisolon ko deksametason a kemis ki riƙa sha don kin ji sauƙi. Suna dusashe abin da hoto zai nuna, suna tayar da tarin fuka da ke kwance, in aka daɗe a kansu su kawo ciwon suga su cinye ƙashin ƙugu. Masu hana dawowar cutar daban ne, kuma a nan ne aka samu ci gaba sosai tun 1993 da aka amince da na farko. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa guda uku cikin jerin magunguna na dole: rituksimab, gilatirama da kiladiribin. Rituksimab ƙarin ruwa ne da aka fi yi duk wata shida, ana amfani da shi a MS da NMO duka, amma dole a gwada ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin yana iya tayar da shi, kuma ciwon hantar nan ya yi yawa a ƙasarmu. Magungunan nan suna da tsada, wannan gaskiya ce, don haka ki zauna da maigida da likita a yi maganar kuɗi tun farko, a zaɓi wanda za a iya ɗorewa a kansa.

Kin tambaya ko za ki nakasa. Babu mai ba ki tabbaci sai Allah, amma hoton keken guragu da kika gani a waya ba shi ne makomar kowa ba. Mutane da yawa suna shekaru masu yawa suna tafiya da ƙafarsu, suna aiki, suna renon 'ya'yansu. Abin da aka tabbatar shi ne wanda ya fara magani da wuri ya fi tsira da ƙarfinsa, domin cutar tana iya yin tabo a ɓoye ko a lokacin da mutum yake jin garau. Kowane watan da aka ɓata ana cewa ai ya warke, asara ce. Game da mutanen gida, ki yi addu'a, ki yi azkar, a yi miki tofi, babu wanda ya hana asibiti. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne tsaga, da sakiya, da ɗiga wani haɗi a ido, da turaren da za a lulluɓe ki da bargo a kansa, wanda zafinsa kaɗai ya isa ya kwantar da ke a ce aljanin ne ya motsa. Ki tafi da maigida ko wata babba a gidan ranar ganin likita su ji da kunnensu. Cutar ba ta yaɗuwa ta kwano ko shimfiɗa ko nono.

Kafin nan, ki rage zama a bakin wuta, ki yi girki da sassafe ko bayan la'asar, ki sha ruwan randa a kai a kai, ki jiƙa tawul ki ɗora a wuya, musamman a bazara. Tun da ƙafafunki ba sa ji sosai, ki gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, ki nisanci kaskon gawayi, ki duba tafin ƙafa kowane dare ko akwai ƙuna ko ƙaya. Kada ki rage shan ruwa don gudun fitsari, hakan ciwon mafitsara yake jawowa. In ana shan taba ko shisha a kusa da ke a daina, hayaƙin taba yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara wa cutar gudu. A auna miki bitamin D, macen da ke yini a ɗaka tana iya rasa shi ko a garin rana.

Haihuwa kuwa, MS ba ta hana ɗaukar ciki, ba ta tilasta fiɗa, kuma mafi yawan 'ya'yan masu ita, fiye da 95 cikin 100, ba sa yin ta. Cutar takan lafa a lokacin ciki, musamman wata uku na ƙarshe, sannan ta fi tasowa a wata uku na farko bayan haihuwa, wanda ya yi daidai da lokacin da idonki ya fara. NMO ita ma takan taso bayan haihuwa, kuma ba ta lafawa da ciki kamar MS, wani dalili ke nan na rarrabe su. Ki ɗan dakata da neman ciki har a san sunan ciwon, domin wasu magungunan, kamar teriflunomayid, suna cutar da ɗan tayi, wasu kuma ana iya tsara lokacinsu da cikin. In Allah ya kawo haihuwar gaba, a sassauta wankan jego: ruwa mai ɗumi kawai, ba tafasasshe ba, ba kwanciya a gadon wuta, kuma a sa ranar komawa wurin likitan jijiyoyi tun kafin a yi arba'in.